Me ya sa mai injin CNC ya ƙi karɓar fayil ɗin STL da na aika masa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibin injiniyanci ne, kuma na zana gidan boris mai lamba 6204 a manhajar zane ta FreeCAD, wanda faɗin raminsa milimita 47 ne. Na fitar da zanen a matsayin STL na aika wa wani mai injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, sai ya mayar mini da shi ya ce in turo shi a wani nau'in fayil da ake kira STEP. A kan allo kuwa duka biyun kamanninsu ɗaya. Ina roƙon malamai su fahimtar da ni inda bambancin yake.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin yana da gaskiya. Abin da ka zana a FreeCAD jiki ne cikakke, wanda manhajar ke riƙe da shi ta hanyar bayyana iyakokinsa, wato kowace fuska da gefenta da lissafin da ya haifar da ita, ta yadda ramin nan silinda ne na gaske mai cibiya da rabin faɗi na milimita 23.5. Shi kuwa STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987 domin injinan buga abubuwa na 3D, ba ya ɗauke da komai sai ragar alwatika da aka lulluɓe jikin da ita.

Ka ƙara girman hoton sosai, za ka ga bakin ramin ya koma gajerun layuka miƙaƙƙu. Idan an raba da'irar gida 32, tsakiyar kowane layi zai kauce wa da'irar asali da kusan milimita 0.11, alhali idan mazaunin boris ɗin H7 ne (lambar da ke nuna iyakar kaucewar da aka yarda wa faɗin rami), sassaucin da aka yarda da shi a wannan faɗin bai wuce milimita 0.025 ba. Kuskuren ya ninka abin da aka halatta fiye da sau huɗu tun kafin a taɓa ƙarfe. STEP, wato ƙa'idar ISO 10303, yana kai silindar ga mai injin yadda take.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan bayanin mai amsa ta farko: STL ba ya faɗin ma'aunin da aka yi aiki da shi. Na taɓa karɓar fayil da aka zana da inci, manhajata ta ɗauke shi a milimita, abin ya fito ƙarami har ninki 25.4, kamar ƙwayar gero a tsakiyar allo.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. To idan STL kaɗai ya rage a hannuna, zan iya mayar da shi STEP?

Amsa ta uku:
Za ka iya, domin FreeCAD na da umarnin mayar da raga jiki, amma ban ba ka shawarar hakan ba. Kowane alwatika zai zama fuska mai zaman kanta, sai ka sami STEP mai dubban fuskoki wanda har yanzu babu silinda a cikinsa, kuma idan ragar ta huje ko da a wuri ɗaya ne, jikin ba zai rufu ba balle a lissafa nauyinsa. A ganina, tunda naka zanen na asali yana nan, ka buɗe shi, ka zaɓi jikin, ka fitar da STEP kai tsaye, sannan ka haɗa masa da zanen takarda mai nuna H7 a kan ramin, domin fayil ɗin da FreeCAD zai fitar ba zai gaya masa sassaucin da kake so ba.