Kusar salansa ta karye a cikin injin ban ruwa, ina neman shawara

Assalamu alaikum, masu walda da makanikai, don Allah ku taimaka min. Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, ina ɗan taɓa gyare-gyare a zaurenmu bayan na taso daga aiki.

Maƙwabcina ya kawo min injin ban ruwansa, irin ƙaramin injin Honda ɗin nan mai lamba GX160, salansa tana hayaƙi ta gefe. Ina kwancewa sai kusa ɗaya ta karye, guntunta ya maƙale daidai da bakin ramin, ba inda filaya za ta kama. Tsatsa ta cinye ta sosai. Kwana 3 ina jiƙa ta da kalanzir, ko motsi. Na gwada hudawa, bakin abin hudar mai milimita 3 shi ma ya karye a ciki.

Wani ya ce in ɗora noti in yi walda ta tsakiya, zafin zai saki tsatsar. Tsorona shi ne, kan silindar, wato saman injin inda kusar ta shiga, na alminiyom ne, yana narkewa tun wajen digiri 660. Sandar walda mai kaurin milimita 2.5 gare ni. Wuta nawa zan sa? Kuma in juya da zafinsa, ko in bari ya huce?

Tumatirin bawan Allahn nan yana jiran ruwa, kunyarsa nake ji wallahi.