Mawaƙin kuntigi da zai ƙara kayan kiɗa a sabon albam: abin da jama'a suka ce

To jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda murya ce gaba. In ganga da jita da fiyano suka danne baitin har sai mutum ya kasa kunne kafin ya ji me ake faɗa, an yi asara.

2. A fara ɗaukar murya da kuntigi su kaɗai, sannan a ɗora sauran a kai, kar makaɗa su ja mawaƙi zuwa nasu saurin.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce Dan Maraya Jos da kuntiginsa kawai ya cika Najeriya, me za a ƙara? Wasu kuma suka kawo Bob Dylan na Amurka, wanda a 1965 ya ɗauki jitar lantarki da makaɗa, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport wasu suka yi masa ihu amma yau waƙoƙin lokacin ake yabo. Ni dai ina tare da na biyun, in dai ba a kori kuntigin ba.

4. A bar waƙa biyu ko uku tsurarsu saboda tsofaffin masoya.

5. Kuɗin situdiyo da na makaɗa a yi magana tun farko, a rubuce.