Babban Yatsa: Waya ko Tawada?

Kawu na Gangare:

Da sunan Allah nake farawa,
Matasan Jos, ina da tambaya.
Babban yatsan nan naku na dama,
Me ya hana shi sauka daga waya?
A zaɓen ƙasa na 2003 mun cika layi,
Kusan 70 cikin 100 sun tsaya.
A 2023 kuma fa, jama'a,
27 kacal, abin kunya.
Miliyan 93 ke da rajista,
Ba a samu miliyan 25 ba a ƙidaya.
A TikTok kun fi kasuwar Terminus cika,
Ran zaɓe kun bar mu ɗaya-ɗaya.

'Yar Anguwar Rogo:

Kawu, a gafarce ni, ba raini ba ne,
Lissafinka ya bar wasu a baya.
Ni na fito cikin sanyin asuba,
Ba naira a hannu, mai na wuya.
Canjin kuɗi ya ɗaure aljihu,
Har Farin Gada a ƙafa na yi tafiya.
Na dangwala, tawada ta bushe,
Sai zance ya koma hannun lauya.
Nuwamba, kotun ɗaukaka ƙara
Ta ce wa Gwamna Mutfwang ya tattara kaya.
Janairu, Kotun Ƙoli ta maido shi,
'Yan majalisar da aka tsige babu hanya.
In alƙali ne ke zaɓar mana,
Kawu, layin me zan je in tsaya?

Ɗan Dilimi:

Yaya, kin faɗi naki, ga nawa,
Ni sana'ata gyaran waya.
Abin da ka so shi take ƙara maka,
Har ka zaci bakin gari ne ɗaya.
Kowa a Facebook gwanina yake yi,
Na kwanta na ce mun ci tun jiya.
Katin zaɓe ma ban karɓo ba,
Yana can har yau, ba zan yi ƙarya.
Ƙanena da ke da nasa ya shirya,
Sai saƙon murya ya shigo waya:
Wai an fara, kowa ya koma gida.
Inna ta kulle ƙofa, ba tambaya.
Wadda ta ga rikicin Jos a 2008
Ba ta jiran a tantance gaskiya.

Kawu na Gangare:

'Yata, zancenki ya taɓa ni,
Shari'ar ta bar miki a zuciya.
Inna kuma ba zan ga laifinta ba,
Duk mun san abin da ya faru a baya.
Amma ɗan siyasa ya iya lissafi,
Ba ya tsoron mai zagi a waya.
Tsohuwa mai kati yake nema,
Ya kai mata sabulu da taliya.
Buhari ya sa hannu a 2018,
Ɗan shekara 25 takara zai iya.
Cikinku wa ya yanki fom ya gwada?

'Yar Anguwar Rogo:

Fom, Kawu? Ka ba ni dariya!
Na shugaban ƙasa a APC
Miliyan 100 aka sa a saya.
Ni ko na kansila zan yi maneji,
Ranta mini, in na ci zan biya.

Kawu na Gangare:

Kin zo wa mai ci da fansho, 'yata,
Buhun masara ma ba ya saya.
Kai kuma ɗan Dilimi, karɓo katin,
In ka ɓata hanya, tambayi waya.