Barin Landan zuwa Kent: abin da 'yan'uwa suka faɗa

Na tattaro a taƙaice shawarwarin da aka bayar kan ko ya dace a bar Landan a sayi gida a Kent, yankin da ke kudu maso gabashin Landan.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kuɗin ɗan ƙaramin gida a Landan zai iya saya maka mai ɗaki uku da tsakar gida a garuruwan Kent irin su Gravesend ko Gillingham, ga shiru da dare.

2. Kuɗin jirgin ƙasa ne ya fi ɗaukar hankali. Daga tashar Ebbsfleet a Kent zuwa tashar St Pancras a Landan kamar minti 20 ne, amma tikitin shekara na cin fam dubbai. Masu mota kuma akwai kuɗin ƙetare kogin Thames a Dartford. A haɗa lissafin nan da bashin gida kafin a sa hannu, don ni ma nan ne ya fi damuna.

3. A duba taswirar ambaliya, a kawo masani ya binciki ginin.

4. An samu saɓani kan yara. Wasu na son makarantun da ake shiga da jarrabawar 11+ (ta tantance yara kafin shiga sakandare), wasu na tsoron nisa da Islamiyya da dangi, musamman iyaye mata da ke wuni su kaɗai.

5. Saɓani na biyu: wasu sun ce a yi hayar shekara guda tukuna, wasu suna ganin asarar kuɗi ce.