Cessna 172 mai kayan STOL: zai iya da fili mai mita 400 a Kaduna?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum manyanmu. Akwai fili a wata gona ta hanyar Kachia, jar ƙasa ce da gajeriyar ciyawa, tsawonsa mita 400, da bishiyoyi a ƙarshen gefen arewa. Jirgin Cessna 172S ne, mai injin doki 180. Shawarar da ake yi ita ce a liƙa masa haƙoran VG (ƙananan haƙora masu murɗa iska) a fiffike, a sa manyan tayoyi, don ya riƙa sauka a hankali. Shin wannan gyaran na STOL, wato na tashi da sauka a gajeren fili, ya isa a riƙa shiga a fita da mutum uku?

Kyaftin Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, shiga za ka shiga, fitowar ce abin dubawa. Kayan STOL suna rage gudun da fiffike ke sakin iska, wato ya daina ɗaukar jirgi, amma ba sa ƙara wa inji ko doki ɗaya.

Ɗauki alƙalami. Mita 400 kusan ƙafa 1,310 ke nan. Kaduna tana sama da teku da ƙafa 2,000 da ɗoriya, inda ma'aunin da aka gina lissafin jirage a kai yake ɗaukar zafi digiri 11 ne. Mu kuwa a Maris da Afrilu da rana muna ganin 38. Bambancin digiri 27 ne, kowane digiri kuma yana ƙara ƙafa 120, wato 3,240. To jirgin zai ji kamar yana ƙafa 5,300 ne tun yana ƙasa. Inji irin wannan yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ga farfela ma ba ta samun iska mai kauri da za ta kama.

Duba jadawalin littafin jirgin: da cikakken nauyi, fam 2,550, a ƙafa 2,000 da zafi digiri 40, gudun ƙasa kaɗai ya kusa ƙafa 1,400 a kan kwalta. Busasshiyar ciyawa ta ƙara kashi 15 cikin 100. Filinka ya ƙare taya ba ta bar ƙasa ba. Tsallake bishiya mai ƙafa 50 kuwa yana neman fiye da ƙafa 2,300. Sauka fa? Birki zai tsayar da kai ƙasa da ƙafa 700 a kwalta, ko ka ƙara kashi 45 na ciyawa kana wajen 1,000. Wannan tazarar ce take yaudarar mutane, su sauka lafiya su ɗauka an gama.

Da mutum uku da tanki cike, ban yarda ba sam. Da matuƙi kaɗai, da man jirgi daidai tafiya da na ajiya, da sassafe kafin rana ta ɗaga, sai a zauna a yi lissafi, a ninka abin da littafi ya bayar da 1.33 don ba ɗan gwajin kamfani ne zai tuƙa ba. Kuma a kafa alama a tsakiyar fili: in ka iso ta ba ka kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, ja totur baya ka taka birki.

Makanikin Mando:
Kyaftin ya gama magana a kan tashi. Ni ta fannin gyaran zan ƙara.

VG ƙananan haƙoran alminiyum ne da ake jerawa da gam a saman fiffike, kusa da bakinsa, da wasu a ƙarƙashin wutsiya. Suna murɗa iska ta manne wa fiffike ko da hancin jirgi ya ɗaga sosai. 'Yan nots (ma'aunin gudun jirgi) kaɗan suke ragewa daga gudun sakin iska. Babban amfaninsu eleron (marfin ƙarshen fiffike da ke karkata jirgi) da wutsiya su ci gaba da jin magana a ƙaramin gudu. Ana jera su ne da takardar awo da ta zo da kayan, ba da ido ba, don in gefe ɗaya ya goce, wannan fiffiken zai riga ɗan'uwansa saki. A Kaduna abin da ya fi cire su shi ne wanki bayan ƙurar hunturu da jan tiyon mai a kan fiffike. A ƙirga su kafin kowane tashi, takardar kayan ta faɗi adadin da in sun ɓace jirgi ba zai tashi ba.

In ana son canji na gaske, sai ƙarin baki na fiffike irin Sportsman ko Horton. Ya fi VG aiki, ya fi tsada, kuma dole a sake auna jirgi a gyara takardar nauyi da daidaito, a sake saita ƙararrawar gargaɗin sakin iska. Manyan tayoyi kuwa maganin rami ne da taushin ƙasa, sai dai suna da nauyi, suna cin gudu a sama, kuma birkin asali yakan yi musu kaɗan. Abin da ke taɓa ƙarfin jan jirgi wajen tashi shi ne farfelar hawa, wadda ke barin inji ya yi juyi da yawa tun daga tsaye.

Duk wanda za a sa sai yana da takardar STC, wato shaidar amincewa da gyaran, ta wannan samfurin, injiniya mai lasisi ya sa hannu, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince. Filin kansa ma sai da izinin hukuma.

Ɗan Kawo:
Na gode Kyaftin, na gode Injiniya. To da wane gudu za a tunkari fili bayan an sa kayan? Na ji ana cewa a sauko da nots 45.

Malamar Tuƙi:
Ɗan'uwa, don Allah ka ajiye wannan 45 ɗin. Littafin 172S ya ce nots 61 da filaf (marfin bayan fiffike da ake saukarwa) a digiri 30 don gajeriyar sauka, kuma yawancin takardun STC ba sa ba ka sabon jadawali, na asali ne yake aiki. Sannan agogon gudu ba ya faɗin gaskiya idan hanci ya ɗaga: inda yake nuna 40, ainihin gudun 48 ne. Wanda ya ninka lambar da agogo ke nunawa a sakin iska da 1.3 don samun gudun tunkarar fili ya yi lissafi a kan ƙarya.

Hanyar ita ce a hau ƙafa 3,000 sama da ƙasa tare da malami, a gwada sakin iska da irin nauyin da za a ɗauka, a ga halin jirgin bayan gyara. Daga nan a koma dogon titin kwalta ana rage nots biyu biyu. A wannan yanayin hanci ne ke riƙe gudu, totur ke riƙe gangara. Jirgin da ke rataye a kan inji, ka zare masa wuta a ƙafa 15, faɗowa zai yi, kuma a 172 tayar gaba da bangon bayan inji ne ke ɗaukar dukan. Kwana ma a kula: karkata digiri 45 tana ɗaga gudun sakin iska da kashi 19 cikin 100, ƙwallon agogon kwana kuma ya zauna a tsakiya, don jirgi mai VG yana iya jurewa ya jure, sannan ya saki farat ɗaya. In iska na bugowa, ƙara rabin bambancin bugun.

Akwai abin da ya fi damuna a filin nan. Bishiyoyi suna arewa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Ko dai ka tashi kana fuskantar bishiyoyi, ko ka juya kudu iska na bayanka, kuma kowane nots 2 na iskar baya kashi 10 cikin 100 yake ƙarawa. Haka in ka fasa sauka, su za ka tarar a gabanka da filaf 30 a buɗe.

Kyaftin Zariya:
Gaskiya ne Malama. In mita 400 ɗin ba ta ƙaruwa, jirgin da aka ƙera don wannan aikin ake nema, irin Piper Super Cub ko Zenith CH 701, su kuma mutum biyu suke ɗauka. In dole sai 172, a ƙara fili ya haura mita 900, a sare bishiyoyin. Da damina kuma a taka filin da ƙafa kafin kowane amfani, don jar ƙasa in ta jiƙe birki ba ya kamawa, suri kuma yana fitowa cikin 'yan kwanaki a ɓoye a ciyawa.