Neman kalmar Hausa: ƙarfen da ke ɗauke wa ƙofar gareji nauyi

'Yan'uwa, yau ina son mu tsayar da suna ga wani ƙarfe da yawancinmu ba ma ɗaga kai mu dube shi sai ran da ya tsinke. Ƙofar gareji irin mai hawa sama, ba injin da ke buɗe ta ne yake ɗaukar nauyinta ba. Injin jagora kawai yake yi. Mai ɗaukar nauyin shi ne naɗaɗɗen ƙarfen nan da Turawa ke ce wa torsion spring.

Rabin aikin an riga an yi mana shi. Bakanike da mai walda duk sifirin suke cewa, kuma ban ga dalilin korar kalmar da ta zauna a baki ba. Wani ɗan'uwa ya kawo "majanyi", tunda jan ƙofa yake yi. Malam, na gode, amma majanyi na goyo ne, duk wanda ya ji sunan bayan mai jego zai hango.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sifirin ƙofar iri biyu ne, kuma suna ɗaya ba zai ishe su ba. Na farko, wato torsion spring ɗin, yana kwance a jikin sandar ƙarfe daidai saman ƙofar. Murɗa shi ake yi, idan ƙofa ta sauka ya ƙara ɗaurewa, idan za ta hau ya warware ya taimaka. Na biyu guda biyu ne a gefe da gefe, su kuma miƙewa suke yi kamar danƙo.

Na gefen da farko na ce "sifirin ja". Sai na tuna ana shafa wa kan sifirin saman fenti, wani ja wani baƙi, don a gane ɓangaren da aka naɗa shi. Ka ce wa mai gyara "na ja ne ya lalace", zai zo maka da wani abu daban. Na janye. Sifirin miƙa ya fi tsabta.

Na saman kuma, sifirin murɗi. Na fi son wannan fiye da "naɗi", domin naɗi abu ne mai laushi, rawani ake naɗawa. Murɗi kuwa akwai ƙarfi a ɓoye a cikinsa, wanda ke neman hanyar kwancewa. Ina so sunan da kansa ya ja wa mutum kunne, saboda wannan ƙarfen yana karya hannu, yana fasa fuska, idan wanda bai iya ba ya kwance kusoshinsa. Masu aikin da sanduna biyu na musamman suke murɗa shi, ba da sukuddireba ba.

Sai kalmar lalacewa. A nan ma mu raba biyu: ya gaji, da ya tsinke.

Wanda ya tsinke ba ya ɓuya. Za ka ji ƙara kamar harbin bindiga, ka duba sama ka ga giɓi wajen santimita 5 a tsakiyar naɗin, wayoyin gefe sun saki suna reto. Injin zai ɗaga ƙofar kaɗan ya tsaya. Kada ka matsa masa.

Wanda ya gaji shi ne mai wuyar ganewa. Ka rufe ƙofar, ka ja igiyar da ke raba ta da injin, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi, ka sassauta riƙo a hankali. Lafiyayyen sifiri zai riƙe ta a wurin. Idan ta sulale ƙasa, ko ka ji tana neman ɓalle maka kafaɗa, ya gaji. Haka idan tana hawa a karkace, ko tsatsa ta ci naɗin, ko na miƙa ya saki har kana ganin haske tsakanin zobbansa.

Gajiyar ma lissafi gare ta. Sifirin da aka saba sawa an yi shi ne don hawa da sauka 10,000. In ana buɗe ƙofa sau 4 a rana, kusan shekara 7 ke nan. Wannan awon na bar shi a "hawa da sauka", na ƙi "zagaye", tunda ƙofa ba ta zagaya komai.

To ga abin da na tsayar: sifirin murɗi, sifirin miƙa. Abu ɗaya ya rage mini, wayar tsaron da ake zurawa ta cikin sifirin miƙa don kada ya yi tsalle ya sami mutum idan ya tsinke. Ni "takunkumi" nake ce mata. Masu sana'ar da ke cikinmu, me kuke kiranta a bakin aiki?