Datar modem ɗina ba ta kai rabin wata, na canza kalmar sirri amma abin bai tsaya ba

Mazaunin Sabuwar Unguwa:
Assalamu alaikum. Ina da modem ɗin 4G mai cin sim, na ajiye shi a ɗakin da ke jikin zaure don nan ne sabis ke kamawa. Ni da uwargida da yarona mai karatu a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ne kaɗai ya kamata mu hau. To amma datar wata guda ba ta kai rabin wata. Da an sallame isha'i samarin layinmu sai su cika dakalin ƙofar gida, kowa ya duƙufa kan waya. Na canza kalmar sirri, aka samu sauƙin kwana biyu, abin ya dawo. 'Ya'yan maƙwabta ne, ba na son abin da zai haɗa ni da iyayensu. An ce akwai manhajar fasa WiFi, da gaske ne?

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Wa'alaikumus salam Baba. Ya danganta da irin makullin da ke kan modem ɗin. Ku juya bayansa, akwai takarda da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ku rubuta shi a burauza, ku shiga wajen saitin tsaro.

In kun ga WEP, wato tsohon makulli, to gidan a buɗe yake. Tun 2001 aka gano lagonsa, cikin mintuna ake fasa shi. Ku zaɓi makullin WPA2 mai AES (tsarin ɓoye bayanai), wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in modem ɗin na da shi. WPA2 kam yaron dakali ba zai fasa shi ba, sai dai ya canki kalmar. Nan ne mutanenmu ke faɗawa: lambar waya, sunan auta, ko 12345678. Na'urar tana karɓar harafi 8 zuwa 63, don me za a tsaya a takwas? Ku haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, ku sa lambobi a tsakani.

Sai ku kashe WPS. Hanya ce ta hawa WiFi ba tare da kalmar sirri ba, da wata lamba mai alƙaluma 8, kuma a 2011 aka gano ana gwada ta rabi-rabi, gwaji wajen 11,000 ya isa. Yawancin manhajojin da ake ta zuzutawa ta nan suke bi. Kada kuma ku bar shafin saitin da suna da kalmar shiga admin/admin ɗin da ya zo da su, domin duk wanda ya samu ya hau zai iya shiga ya karanta kalmar.

Maman 'yan biyu, Daura:
Malam, ni fa ban ga fashi a nan ba, ɓarawon na cikin gida ne. Wayoyin Android na yanzu, daga na 10 zuwa sama, suna nuna hoton QR na WiFi ɗin da aka hau. Aboki ya ɗora kyamara a kai, shike nan ya shiga, shi ma ya miƙa wa na gaba. Haka ƙanena ya raba wa ilahirin majalisarsu tamu. Ku tambayi ɗalibin naku a hankali, kunyar abokai ce ke sa su.

Ɗan Poli:
A ɓoye sunan WiFi ɗin kawai, a kuma toshe wayoyin ta lambar MAC, wato lambar da modem ke gane kowace waya da ita.

Mai gyaran waya, Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena, ɓoye suna ba ya hana wanda ke da QR shiga. Toshe waya ɗaya-ɗaya kuma wahala ce, wayoyin yanzu suna iya sauya MAC ɗinsu. Gara a juya abin: a rubuta wayoyin gida kaɗai a jerin waɗanda aka yarda da su. Hajiya ta fi mu gano bakin zaren.

Mazaunin Sabuwar Unguwa:
Allah ya saka da alheri. WPA2 ne a kai, amma WPS a kunne yake, na kashe. Jerin wayoyin da ke kai kuwa ya ninka na gidana. Yaron ya amsa cewa mutum ɗaya ya ba wa, don su sauke takardun aji. Malam mai gyara, in na buɗe masu layin baƙi daban, modem irin nawa zai bari in ƙayyade yawan wayoyin da za su hau?